Ungulayen Da Ke Gefen Hoto

A zaman karatun da mukan yi wata-wata, wani matashi daga cikin sababbin mambobinmu ya karanta mana babin farko na littafin da yake rubutawa. Labarin ya yi daɗi, ba mu da ta cewa a kan zubinsa. To amma akwai inda ya kawo shaho yana shawagi a hankali bisa gidan su jarumar, yana karkata wutsiyarsa mai baki biyu, har ya sauko ya suri ɗan tsako. Da aka zo sharhi sai muka ce masa, "Malam, wannan tsuntsu naka ai ba shaho ba ne, shirwa ce." Ya yi murmushi irin na ladabi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai duk ɗaya ne." Aka yi dariya aka wuce. Mu kuwa abin ya tsaya mana a rai, har muka yi masa alkawarin in Allah ya kai mu zama na gaba za mu zo masa da hujja a takarda, tun da mun ɓatar da shekaru da kuɗi ba kaɗan ba wajen bin waɗannan tsuntsaye da kyamara.

Hotunanmu na kirki ba su taɓa cika albam guda ba, albam ɗin ma wani ya ara tun shekarun baya, ya bi ruwa. Abin da ya rage shi ne wani tsohon akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gado a gidanmu na Jama'a, inda muke zuba waɗanda suka ɓaci: wanda tsuntsu ya fito kamar ɗigon tawada, da wanda aka kama wutsiya kai ya riga ya fice, da wanda babu kome a cikinsa sai farin sama. Kowane fim da ambulan ɗinsa, da shekarar da aka wanke shi a rubuce da biro. Mun fi shekara 15 ba mu buɗe shi ba. Daren nan muka jawo shi da niyyar mu zaɓi guda biyu masu dama-dama, ɗaya na shirwa ɗaya na shaho, mu mayar da shi wurinsa. Ba mu kwanta ba sai da aka yi kiran assalatu. Amma bari mu soma daga farko.

A farkon shekarun 1990 wannan ciwo ya kama mu, kuma a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru muka ɗauko shi. Wani abin daban ya kai mu, sai hannunmu ya faɗa kan littattafan tsuntsaye masu hotuna. A nan muka fara sanin cewa wani Baturen Ingila, C. H. Fry, ya koyar da ilmin dabbobi a wannan jami'a a shekarun 1960, kuma a 1965 ya wallafa jerin tsuntsayen Zariya a mujallar ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya. Kunya ta ɗan kama mu. Baƙo ya zo daga uwa duniya ya bi fadamun Kubanni da duwatsunmu yana rubuta abin da ke tashi, mu da aka haifa a ƙarƙashin wannan sama ba mu taɓa ɗaga kai da niyya ba, sai in jirgin koyon tuƙi na makarantar jiragen sama ya wuce da ƙara.

Ba a jima ba muka sayi kyamara ta gwanjo a Sabon Gari, Zenit ƙirar Rasha, mai nauyi kamar dutsen guga, muka haɗa mata da dogon madubi mai jawo nesa kusa, wanda masu hoto ke kira zum ko da ba ya zuƙowa. Mai shagon ya ɗauka biki da suna za mu riƙa bi. Da muka gaya masa abin da muke so mu ɗauka sai ya dube mu, ya dubi kuɗin, ya ƙirga su sau biyu.

Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ce mene ne abin wahala, ga tsuntsu ga sama. To ga inda gizo ke saƙar. Kyamara ƙiftawa take yi kamar ido, kuma iyakar tsawon ƙiftawar nan shi ne abin da ke shiga fim. Mafi saurin ƙiftawar Zenit ɗinmu kashi ɗaya ne cikin 500 na sakan. A kunne wannan ya yi sauri ƙwarai, amma a wurin tsuntsun da ke kaɗa fiffike jinkiri ne, domin masu wannan sana'a kashi ɗaya cikin 1,000 ko 2,000 suke so kafin bakin fiffike ya tsaya cak. Sai kuma saiti, wanda da hannu ake murɗa shi a wancan zamani, kana murɗawa tsuntsu na matsowa, kafin ka daidaita ya canza wuri. Na uku kuwa shi ya fi cin mu kuɗi: ma'aunin haske na kyamara hasken sama yake gani, sai ya ce maka haske ya yi yawa, ka rage, kana ragewa tsuntsun ya fito baƙi ƙirin kamar an yanko shi daga tsohuwar taya. Sai da muka ƙona fim da yawa kafin muka gane cewa in za ka ɗauki abu a sama, saɓa wa ma'aunin za ka yi, ka ƙara buɗe ƙofar haske mataki ɗaya ko biyu. Lokacin hunturu abin ya fi muni, domin hazo kan mai da sama fari fat, kome ya dusashe.

Ka tuna kuma, ya mai karatu, fim guda hoto 36 yake ɗauka, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. Mukan kai fim Sabon Gari, mu koma bayan kwana biyu ko uku gabanmu na faɗuwa kamar mai zuwa duba sakamakon jarrabawa. Mai wankin mutumin kirki ne, yana tausayin aljihunmu. Sau da yawa yakan ɗaga nagetif a hasken fitila ya ce, "Malam, nan ai babu mutum ko ɗaya. In bar su, ko?" Mu ce a'a, a wanke duka. Yakan girgiza kai ya ce, "To, kuɗinka ne." Wannan taurin kai namu, da ba mu san amfaninsa ba a lokacin, shi ya cika akwatin nan.

Makarantarmu ta gaskiya ita ce mayankar Zangon Shanu, da ba ta da nisa da mu. Duk inda ake fiɗa akwai shirwa, kuma shirwa malama ce mai haƙuri, domin za ta zagayo sau ɗari a bisa kanka ba ta gaji ba. A can muka koyi abubuwan da babu littafin da ya koya mana. Mun koyi ba rana baya, don haskenta ya faɗa kan tsuntsu ba kan madubi ba. Mun lura tsuntsu iska yake fuskanta in zai tashi ko zai sauka, saboda haka in iska na bugun ƙeyarka, to kai zai nufo, kuma a sannan yake rage gudu. Mun koyi bin sa da kyamara daga ƙugu, ba daga wuyan hannu ba, mu danna muna cikin juyawa, kada mu tsaya. Wani mahauci da ya girme mu, wanda muke ce wa Baba tun a lokacin, shi ya warware mana matsalar saiti ba tare da ya san sunanta ba. Ya ga muna ta fama, sai ya ce, "Malam, kai kake bin ta, shi ya sa take wahalar da kai. Tsaya wuri ɗaya, ni zan kawo maka ita." Ya yanko ɗan huhu ya cilla sama daidai wani turke. Kafin ya faɗo shirwa ta kife ta cafe shi da ƙafa. Daga ranar muka riƙa yin saiti a kan turken nan tun kafin tsuntsu ya zo, mu jira ta shigo inda muka ɗana. Hotonmu na farko da ya amsa sunansa haka aka same shi: ƙafafu a miƙe, baki rawaya, wutsiyar nan mai baki biyu a murɗe gefe guda kamar hannun mai tuƙin kwalekwale.

Wannan wutsiya ita ce abin da muke so matashin nan ya gani. Shirwa da wutsiya take tuƙi, tana lilo a hankali, ba ta gaggawa, kuma ita ce barazanar kajin gida, shi ya sa Hausawa suka ce kaza mai 'ya'ya ke gudun shirwa. Shaho kuwa, irin wanda mukan gani a Kufena, fikafikansa masu tsini ne, yana kaɗa su da sauri-sauri, kuma ba ya yawon neman hanji a mayanka, tsuntsu mai rai yake bugewa a sarari. Akwai ɗan uwansa da masana suka auna gudunsa ya haura kilomita 300 a awa in ya dunƙule ya sulmiyo daga sama. Gaggafa ita ma daban take: kusan ba ta da wutsiya, fuska da ƙafafu ja, tana tafe tana karkata hagu da dama kamar mai tafiya a kan siririyar katanga. Marubucin da ya ce duk ɗaya ne, kamar ya ce da Bafillatani da Banufe da Babarbare duk ɗaya ne tun da duk hula suke sawa.

Mu dai shaho muke so. Shi ne na cikin kirari, shi ne ake kwatanta jarumi da shi. Ranakun Asabar mukan hau keke mu nufi dutsen Kufena tun da sassafe, mu zauna a gindin wani dutse har rana ta take, wani lokaci mu gan shi sau ɗaya kamar walƙiya, wani lokaci ko ƙyallinsa. Muna zaune mukan ba kanmu haƙuri da labarin waɗanda suka riga mu wannan hauka. A 1882 wani Bafaranshe, Étienne-Jules Marey, ya ƙera kyamara mai siffar bindiga da ke ɗaukar hoto 12 a sakan guda, don kawai ya ga yadda fiffike ke motsi. A 1884 wani Bajamushe, Ottomar Anschütz, ya ɗauki hotunan wasu tsuntsaye dangin shamuwa suna tashi, hotunan da suka taimaka wa masu ƙoƙarin ƙera abin tashi sama na farko. Wani Baturen Ingila kuma, Eric Hosking, mujiya ta fakaice shi a 1937 ta cire masa idon hagu, bai daina ba, ya ci gaba da ɗaukar tsuntsaye da ido ɗaya har ƙarshen rayuwarsa. Mu da ƙaya kawai ke huda mana tayar keke, me za mu ce?

Ungulu fa? Ungulu a wancan lokaci cikas ce. A Zango sun fi kaji yawa. Suna kan rufin kwano a jere, suna kan katanga, suna tsakanin ƙafafun mahauta suna tafiyarsu ta tsofaffi, fuskar nan tasu mai ruwan hoda ta yi ja in ana rububin nama. Wajen ƙarfe 10 na safe, in ƙasa ta ɗauki zafi iska mai ɗumi ta fara hawa, sai su buɗe fikafikan nan masu faɗi, masu yatsu a baki, su bi ta suna jewa ba tare da sun kaɗa ba, har su zama ƙananan ɗigo. A gaskiya babu tsuntsun da ya fi su sauƙin ɗauka a sama, domin ba su da gaggawa, kuma Zenit ɗinmu ma ta isa ta tsayar da su. Amma wa zai ɓata fim a kan ungulu? Mun sha daga wa yara hannu su kore mana su don kada su shiga hoto. Mun sha sauke kyamara muna tsaki saboda wata ta gitta tsakaninmu da shirwa. In mai wanki ya miƙo mana hoto muka ga ungulu ta leƙo daga gefe, kai tsaye akwati yake wucewa.

Sau ɗaya tak muka bi ungulu da gangan, kuma shi ne abin da ba mu taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Wata shekara da rani muka lura da wasu guda biyu suna kai da kawowa a kan wani dogon maɗaci a bakin fadama, can bayan gonaki. Sheƙa ce. Ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara, kuma iyayen biyu ke karɓa-karɓa wajen kwanci. Muka ce bari mu gwada saukarsu, tun da mun san reshen da za su dira, ga saiti a ɗane. Muka yi mako uku muna zuwa. Hotunan suka yi kyau fiye da yadda muka zata, har muka riƙa yawo da su a aljihu muna nuna wa mutane. A wani teburin mai shayi wani mutum da ba mu sani ba ya karɓa ya duba, ya yaba ƙwarai, ya yi ta tambaya, mu kuwa daɗin yabo ya ɗebe mu. Ya ce, "Malam, a ina wannan itace yake haka?" Muka kwatanta masa tiryan-tiryan, har da inda ake tsallake ruwa. Bayan kwana huɗu muka koma. Sheƙar tana ƙasa a warwatse, an kafa turaku a jikin maɗacin an hau, babu uwa babu uba babu ɗa. Abin da ya fi damunmu yanzu shi ne yadda abin bai dame mu ba a ranar. Mun ji haushin an ɓata mana wurin ɗaukar hoto, shi ke nan. Ungulu ce fa, akwai dubunta a Zango.

To, mu koma daren da muka buɗe akwati. Muna neman shirwa mai kyau, sai muka ga kusan kowane hoto na Zango akwai ungulu a ciki. Ba a tsakiya ba, a gefe: rabin fiffike a kusurwa, jerin kawuna a kan rufi daga nesa, ɗigo-ɗigo a saman hoton da muka jefar don shirwar ta fita daga saiti. Muka ɗauko gilashin karatu muka fara ƙirgawa. Wani hoto guda, da muka tuna mun yi tsaki a kansa, ungulu 41 ne a ciki. Sai muka jera ambulan bisa ga shekarunsu a kan tabarma. Na farko-farko cike suke. Waɗanda suka biyo baya, 10, 6, wani 3. Ambulan na ƙarshe-ƙarshe, kafin mu ajiye fim mu koma ɗauka da waya kamar kowa, rufin kwanon nan ne dai, katangar nan ce dai, amma babu kome a kansu sai hankaki. Muna tsaye a wurin, da kyamara a hannu, ido a sama, aka kwashe su a gabanmu ba mu gani ba, domin ba su muke kallo ba. Fim ɗin ne ya gani, shi da ba ya zaɓe.

Abin da akwatinmu ya nuna a ƙaramin wuri, masu bincike sun auna shi a faɗin nahiya. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin mota a Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙirga tsuntsaye masu farauta tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulaye sun ragu da kusan kashi 98 cikin 100 a wajen gandun daji. A 2015 hukumar duniya mai lura da halittun da ke fuskantar ƙarewa, IUCN, ta sa ungulun nan tamu ta gida a rukunin waɗanda ke dab da ƙarewa, tare da mikiya. Gaggafa ta shiga jerin masu fuskantar haɗari a 2020. A 2024 kuma wani babban nazari ya duba iri 42 na tsuntsaye masu farauta a dazukan Afirka, ya samu 37 daga ciki suna raguwa.

Tun da mun ambaci mikiya, bari mu ɗan ratse. Yau in an ce mikiya, tsuntsun da ke kan tambarin Nijeriya ke zuwa wa mutane a rai. Amma ƙamus ɗin Bargery na 1934 wata babbar ungulu ya ba wannan suna, mai zane-zane a jiki kamar ɓawon kifi. Ita ce wadda ta yi karo da jirgin sama a samaniyar Abijan ranar 29 ga Nuwamba 1973, a tsayin mita 11,300, kuma wannan na daga cikin mafi nisan tashin da aka taɓa tabbatarwa ga wani tsuntsu. Ashe wadda muke yi wa kirari da hangen nesa 'yar ɗakin wadda muke kora ce.

Me ya cinye su? Ba fari ba ne, ba kuma ƙaura suka yi ba, ko da yake an sha gaya mana wai sun koma gidansu na tsamiya. Binciken da aka yi a kan ungulayen Afirka ya nuna abu biyu ne suka fi kashe su. Na farko guba, wadda akan zuba a mushe don kura ko karnuka ko don su kansu, gawa guda ta kashe gomomi. A 2020 fiye da 2,000 aka kashe da guba a Gini Bisau. Na biyu kuwa cinikin sassan jikinsu don tsibbu da magani, kai da ƙafa da ƙwai da gashi, wai don sa'a ko farin jini ko ganin gaibu. Wani nazari da ya bi kasuwannin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ya samu cewa kusan kashi uku cikin huɗu na gawarwakin irin waɗannan tsuntsaye da ake sayarwa, a Nijeriya ake sayar da su. Ga kuma sare dogayen itatuwan da suke sheƙa a kai. Tsuntsun da ke yin ƙwai ɗaya a shekara ba zai iya biyan wannan bashi ba. Da muka karanta wannan sai mutumin teburin mai shayi ya dawo mana, da yadda ya riƙe hoton da hannu biyu.

Wani zai ce to sai me, an rabu da ƙazanta. Sai dai ita ce mai kwashe ƙazantar. Cikin ungulu yana da tsami mai ƙarfi da ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe, kuma garke guda kan share gawar dabba kafin ta yi wari. Indiya ta ga abin da ke biyo baya. A shekarun 1990 wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, diclofenac, ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu ungulayenta, sai a 2006 aka hana amfani da shi ga dabbobi. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓace. Wasu masana tattalin arziki biyu sun ƙiyasta a 2024 cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kusan 500,000 a can tsakanin 2000 da 2005. Duk wanda ya san yadda bayan mayankunmu yake da damina ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

'Yan uwa marubuta, a nan ne abin ya taɓa sana'armu. Mun duba littattafan da ke kan kantarmu, namu da na abokai, na shekarun da aka yi ta buga labaran soyayya a Kano da Kaduna da Zariya. Akwai motoci da sunayensu, akwai leshi da shadda, akwai falo da kujerunsa. Ungulu kuwa sai dai a cikin zagi ko karin magana, a ce an yi wa wani ungulu da kan zabo, ko ungulu ba ta jewar banza. Ba mu ci karo da shafi guda da ya tsaya ya kwatanta yadda take sauka, ko yadda take shanya fiffike da hantsi ba, mu ma ba mu rubuta ba. Yaron da aka haifa bayan 2005 a unguwarmu yana jin karin maganar, amma bai taɓa ganin jewar ba.

Mako biyu bayan daren nan muka ari kyamarar zamani wurin wani ɗan ƙaninmu, irin wadda ke ɗaukar hoto 20 a sakan guda, wadda ita da kanta take neman idon tsuntsu ta kafa saiti a kansa. Duk wahalar da muka sha shekara da shekaru an dunƙule ta cikin maɓalli guda. Kufena dai mun rage zuwa tun da harkar tsaro ta taɓarɓare, kuma dattijo da dogon madubi a bayan gari yanzu tambayoyi yake jawo wa kansa. Saboda haka Zango muka nufa, da 'yan hotuna daga akwati a aljihu. Muka tsaya daga ƙarfe 9, rana a bayanmu, iska a ƙeya. Shirwa ta zo, Allah ya yi mata albarka, kuma cikin rabin awa muka sami hotunanta masu kyau fiye da duk wanda muka ɗauka a zamanin fim, har ana ganin ƙwayar idonta. Ƙarfe 10 ta yi, ƙasa ta ɗauki zafi. Muka ɗaga kai muna duban inda suka saba hawa. Muka tsaya har aka kira azahar.

Wani yaro mai tura baro ya gaji da kallonmu ya ce, "Baba, me kake jira ne?" Muka ciro hoton nan mai 41 muka nuna masa. Ya duba ya ce, "A nan ne? Waɗannan talo-talo ne?"

Muka tambayi tsohon mahaucin nan, aka ce yana nan da rai, ya daina fiɗa, 'ya'yansa ke yi. Aka kai mu inda yake zaune a inuwa a kan buhu. Bai gane mu ba sai da muka ce mai hoton shirwa ne, sannan ya yi dariya har da tari. Muka gaisa, muka tambayi iyali, muka miƙa masa hoton. Muka ce, "Baba, ka ga yadda suke a da." Ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi, ya sake matso da shi. Ya daɗe bai ce kome ba. Can sai ya ɗora yatsa, ba a kan rufin da ungulayen suke ba, a can ƙasa ta hannun hagu, inda wani mutum ya shigo hoton da rabin jiki, da ƙafar sa a kafaɗa, fuskarsa ma ba ta fito sosai ba.

Ya ce, "Malam, wannan ai yayana ne. Shekararsa 19 da rasuwa. Ba mu da hotonsa ko ɗaya."

Muka ce Allah ya jiƙansa. Ya ce amin. Ya tambaya ko za a iya wanko masa nasa. Nagetif ɗin yana gida, amma shagon da ke yi mana wanki a Sabon Gari ya daɗe da komawa sayar da kayan waya. Muka ciro waya muka ɗauki hoton hoton, don mu sami abin kai wa matashin nan a zama na gaba, muka bar wa Baba na takardar. Ya goge shi da bakin riga, ya cire hula ya sa shi a ciki, ya mayar da hular kansa.